Bayan Tiyatar Rage Ƙiba: Me Zan Ci a Makonnin Markaɗaɗɗen Abinci?

"Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 43, ina zaune a Gombe. Yau kwana 17 da aka yi min tiyatar rage tumbi a Alƙahira saboda ƙiba da ciwon suga, irin wadda ake yanke wani sashe a cire. Na gama mako biyu na ruwa-ruwa, yanzu an ce na shiga matakin abincin da aka markaɗa. Takardar da suka ba ni cike take da abincinsu na can, ban ma san inda zan samo shi ba. Abin da nake sha shi ne koko da kunun gyaɗa da fura mai ruwa. Shekaranjiya na gwada tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuka, loma biyu kawai, sai ƙirjina ya ƙulle, yawu ya yi ta taruwa, na yi amai. Ga jiri idan na miƙe. Mahaifiyata ta tayar da hankalinta, ta ce yunwa za ta kashe ni. Me ya kamata in ci daga abincinmu na gida? Kuma akwai ramuwar azumi a kaina, zan iya farawa?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa. Kina son sanin abin da za ki ci daga tukunyar gida, da dalilin da loma biyu ta wahalar da ke haka, da inda jirin ya fito, sannan batun ramuwa. Duk zan taɓa su. Amma abin da ya fi tsaya min a rai a saƙonki ba tuwon ba ne, koko da kunu da fura ne. Ta fuskar laushi sun yi, shi ya sa suke wucewa salin-alin har kike ganin kina kan hanya. Sai dai abin da jikinki yake nema a waɗannan makonni babu shi a cikinsu sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Ni aikina tsara wa marasa lafiya abinci ne, ba tiyata nake yi ba, kuma takardar sallamarki ba ta gabana. Likitocin wannan aiki sun bambanta a tsawon kowane mataki, wani mako biyu yake ba markaɗaɗɗen abinci, wani uku ko huɗu. Duk inda maganata ta saɓa wa ta likitan da ya yi miki aiki, tasa za ki ɗauka.

Abin da aka yi wa tumbin

Irin aikin da kika kwatanta shi ne wanda likitoci ke kira silif. Ana cire kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi, a bar siririn bututu, a rufe gefensa daga sama har ƙasa da jerin ƙananan ƙarafa na taitaniyam. Tumbin babban mutum yana buɗewa ya ɗauki lita guda ko fiye. Naki yanzu bai wuce mililita 100 zuwa 150 ba, kuma a makonnin farko kumburin aiki yana ƙara matse shi, ta yadda cokali uku ko huɗu na iya cika shi. Wurin da aka haɗe yana ɗaukar kimanin mako shida kafin ya yi ƙwari. Aikin niƙa da tumbi ya saba yi kuwa, yanzu blanda da rariya ne za su yi masa kafin abincin ya shiga baki.

Akwai kuma abin da zai kwantar wa Mama da hankali. Sashen da aka cire shi ne yake samar da mafi yawan sinadarin girelin, wanda yake sa mutum jin yunwa. Rashin son abincinki ba alamar wata cuta ba ce, aikin ne ya kawo shi, kuma da gangan. Illar ita ce ba za ki iya jiran yunwa ta tuna miki da abinci ba. Da agogo za ki riƙa ci, sau biyar ko shida a yini, tazarar awa biyu da rabi zuwa uku.

Laushi kaɗai bai isa ba

A wurinmu da an ce mutum ba shi da lafiya, koko ne, kunu ne, shayi ne. Ga mai zazzaɓin kwana uku wannan ba laifi. Ga wadda aka yi wa irin aikinki lissafin daban ne, domin wurin ya yi ƙanƙanta, duk cokalin da ya shiga ya hana wani shiga. Jikinki yana buƙatar furotin, wato sinadarin da ke gina tsoka da haɗe rauni, giram 60 zuwa 80 a kullum. Kofin koko da ƙyar zai ba ki giram 2 ko 3, saura sitaci ne da ruwa da sukari. Ko wuni kika yi kina kurɓa ba za ki kai rabin abin da ake nema ba.

Idan furotin ya gaza, jiki ba ya tsayawa jira, naman jikinki yake komawa ya ci. Sikeli zai nuna kina raguwa, kowa ya yi ta barka, alhali wani kaso na abin da ya zube tsoka ce ba kitse ba. Sai kasala, sai hawa matakala ya zama aiki, rauni ya yi jinkirin warkewa. Zubar gashi da yawancin mata ke gani tsakanin wata na uku da na shida tana zuwa ko da an kiyaye, amma ta fi tsanani ga wadda ta yi makonnin farko a kan kunu. Na sha ganin matan da suka dawo daga Masar ko Indiya da takarda irin taki, suka ajiye ta saboda ba su gane abincin ciki ba, suka koma kan abin da aka saba ba mai jinya. Ba sakaci suka yi ba, babu wanda ya mayar musu da takardar zuwa abincin kasuwarmu.

Kuma mayarwar ba wuya gare ta. Idan kin duba takardar za ki ga yawanci yogot mai kauri ne, da cuku mai laushi, da wani markaɗaɗɗen wake na Larabawa, da kifi, da ƙwai. Dukkansu muna da makamancinsu.

Kafin in shiga su, ga ma'aunin laushin. Abincin ya zama kamar kindirmo mai kauri: babu gudaji, babu zare, babu ƙwaya ko ɓawo, idan kin karkata cokali ya zubo a hankali, kuma ba ya buƙatar tauna. Abin da blanda ta bari da ɗan tsaki-tsaki, a bi shi ta rariya ana dannawa da bayan cokali. Idan babu wuta, turmi mai tsabta da rariya suna yin aikin, sai dai sun fi cin lokaci.

Kifi na sa a gaba, kuma Gombe ba ta rasa shi ba, ga Dadin Kowa kusa. Tarwaɗa ta fi sauƙi don tsokarta tana da taushi kuma ƙananan ƙayoyinta ba su da yawa. A dafa ta da albasa da ɗan gishiri, a cire fata da kitsen ciki, a bi tsokar da yatsu a tsince ƙaya, sannan a markaɗa da romonta. Giram 50 na dafaffen kifi yana ba da furotin kusan giram 11. Karfasa ma ta yi, amma ƙayarta ta fi yawa, dole a tace. Busasshen kifi da banda a bar su tukuna, ƙaya tana ɓoyewa a cikinsu.

Miyar kukar da kika ci ba ita ce mai laifi ba, ki riƙe ta. Tana da santsi, babu gudaji idan an kaɗa ta da kyau, kuma ita ce ta fi dacewa a markaɗa kifi ko kaza a ciki, don nama da aka markaɗa shi kaɗai yana yin gari-gari a baki ya gundure mutum. A yi ta ba yaji, ba kanwa, mai ɗan kaɗan, daddawa an daka ta lukui. Busasshiyar kuɓewa da aka tankaɗe ma haka. Ɗanyar kuɓewa sai an markaɗa an tace saboda 'ya'yanta. Miyar taushe kuwa, kabewar tana markaɗuwa da kyau, amma ganyen alayyafo da yakuwa suna barin zare, sai a tace su.

Kaza a zaɓi cinya, ta fi ƙirji laushi da danshi. A cire fata, a dafa har ta fara rabuwa da ƙashi, a markaɗa da romo. Giram 40 na tsokarta ya kai furotin giram 10 zuwa 11. Naman sa da na rago a dakata, zarensu ba ya mutuwa ko a blanda, kuma su ne suka fi tsayawa a ƙirji ko bayan an wuce wannan matakin. Hanta kuwa tana markaɗuwa sumul, ga sinadarin ƙarfe da bitamin B12, cokali biyu sau ɗaya a mako ya wadatar.

Ƙwai guda yana da furotin giram 6. A soya shi da ruwa ko madara a kan wuta kaɗan ya nuna ba tare da ya bushe ba, a murƙushe da cokali mai yatsu, ko a dafa a markaɗa da kindirmo. Wasu ƙwai yana yi musu nauyi a makon farko na wannan mataki. Idan ya yi miki haka, ki bar shi kwana uku ko huɗu ki sake gwadawa.

Wake shi ne madadin abin da Larabawa suka rubuta miki. A surfa shi a wanke dusar tas, a dafa ya yi luguf, a markaɗa ya zama fate mai santsi. Ban da kanwa wajen dafawa. Na san da ita ake saurin nunar da wake, amma tana lalata bitamin B1, kuma za ki ji a gaba dalilin da ya sa ba ki da wanda za ki yi asara. Alala ma ta yi, idan an yi ta da ruwa-ruwa, mai kaɗan, ba attaruhu, sannan a dama ta da romo kafin ci. Wake yana sa iska, don haka a fara da cokali biyu a ga yadda ciki zai karɓa. Awara abinci ce mai kyau ƙwarai a wannan lokaci, da sharaɗin ba soyayya ba: a karɓo ta fara kafin a jefa a mai, a dafa cikin romo, a markaɗa. Ƙosai da ɗanwake ba naki ba ne yanzu, na farko saboda mai, na biyu saboda danƙo.

Sai nono. Kindirmo shi ne yogot ɗin takardarki, kuma idan kika zuba shi a tsumma mai tsabta ya tsane na 'yan awoyi a wuri mai sanyi, zai yi kauri furotinsa ya ƙaru. Amma na fi son a haɗa shi a gida daga madarar da aka tafasa ko ta gari. Nonon ƙwarya ba kullum ake dafa shi ba, wani lokaci an sirka shi da ruwa, kuma gudawa ko amai a jikin da ba ya iya shan ruwa da yawa ba ƙaramin abu ba ne. Madarar gari ita ce dabarar da ta fi sauƙi a wurinmu, tunda garin furotin na gwangwani da ake rubutawa a can yana da tsada kuma ba ko'ina ake samu ba. Ki duba bayan gwangwani ko leda: madara ta gaske tana da furotin wajen giram 24 zuwa 26 a kowane giram 100, wadda aka cire wa kitse kuma wajen 35. Idan kin ga adadin ya yi ƙasa sosai, garin farin shayi ne ba madara ba. Cokali biyu a cikin kindirmo, ko fate, ko kofin madara, yana ƙara abin kirki ba tare da ya ƙara yawa ba. Wasu bayan tiyata madara tana fara murɗa musu ciki ko da a da ba ta yi. Idan haka ta faru, kindirmo ya fi zama lafiya, ko madarar waken suya marar sukari.

A misali, yininki zai iya tafiya haka. Da safe ƙwai guda. Da hantsi ƙaramin kofin madara da aka ƙara wa gari, furotin wajen giram 12. Da azahar kifi cikin miyar kuka. Da la'asar rabin kofin kindirmo da cokalin madarar gari, furotin wajen giram 8. Bayan magariba kaza ko awara cikin miyar kabewa. Kafin kwanciya da awa biyu, wani kofin madarar. Wannan ya kai ki kusa da giram 60. Ba lallai ki kai haka a kwanakin farko ba, 40 ko 50 ma ci gaba ne a kan inda kike yau. Idan wuri ya rage bayan furotin, sai a sa cokali guda na kabewa, ko karas da aka dafa aka markaɗa, ko gwanda, ko nunanniyar ayaba.

Kokon fa? Ban ce haramun ba ne. Idan ranki ya biya, rabin kofi, an tace, ba sukari, an zuba madarar gari a ciki. Kunun gyaɗa ya fi koko ɗan abin kirki, amma a yi shi ba ƙwayar shinkafa. Fura ki ajiye ta: ga tsakin gero, ga citta da kanumfari da barkono, ga sukarin da ake dama ta da shi.

Dalilin da tuwo ya ƙulle miki ƙirji

Tuwo yana da laushi a hannu, amma dunƙulewa yake yi, kuma mun saba haɗiye shi ba tauna, miya ce take zurarar da shi. Shinkafa tana ƙara kumbura idan ta haɗu da ruwa. Lomar ta sauka ta tarar da bututu mai kumburi, ta tsaya a bakinsa. Yawun da ya taru miki shi ne wanda kike haɗiyewa kullum ba ki sani ba, ya rasa hanyar wucewa ya dawo da kumfa. Idan ya sake faruwa kada ki kora da ruwa, ƙara cika wurin zai yi. Ki miƙe ki ɗan taka, ki jira ya wuce ko ya fito, sannan ki koma ruwa-ruwa na yini guda don kumburin ya sauka. Amai sau ɗaya irin wannan ba ya nufin ɗinki ya ɓalle. Yawan maimaita shi ne ba a so.

Duk dangin tuwo hukuncinsu ɗaya a yanzu: na masara, na dawa, sakwara, teba, biredi, taliya, masa, sinasir, dafaffiyar shinkafa. Dambun nama ma yana yaudarar mutane don ana ganinsa a wargaje, alhali busasshen zare ne.

Yadda ake cin ya kai abin da ake ci muhimmanci. Ki auna kafin ki zauna: babban cokali biyu zuwa huɗu a farko, wato abin da bai wuce cikin ƙaramin gwangwanin tumatir ba, a hankali ya kai rabin kofi zuwa ƙarshen matakin. Ki ci da cokalin shayi, ki ajiye shi tsakanin loma da loma, abincin ya ɗauke ki minti 20 zuwa 30. Kina zaune a miƙe, ba a kishingiɗe ba, kuma kada ki kwanta sai bayan rabin awa ko fiye saboda ƙwannafi, wanda yake yawan biyo bayan silif. Ƙoshi yanzu ba a ciki za ki ji shi ba. Nauyi ne a tsakiyar ƙirji, ko gyatsa, ko shaƙuwa, wasu ma hanci ne yake fara yoyo. Da kin ji ɗaya, ki tsaya, ko da saura cokali guda. Nan ne ake samun matsala da masu jinya, don "daure ki ƙara ko loma ɗaya" ita ce kalmar ƙauna a gidajenmu. Shawarata ki ba Mama aikin aunawa da duba agogo. Idan ita ce take zubawa da hannunta tana ƙirga sau shida a yini, za ta ga kina ci.

Ruwa, jiri, da maganin suga

Kina buƙatar ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu a kullum, wato ledar fiya wata uku zuwa huɗu, kuma ba za ki iya kwankwaɗa ba. Kurɓi-kurɓi ne daga asuba har dare, gora tana hannunki duk inda kike. A daina sha rabin awa kafin abinci, a jira rabin awa bayansa, don ruwa da abinci ba sa samun wuri tare. Ban da lemon kwalba da duk abin da ke da gas, ban da tsinken zuƙo. Idan farin ruwa yana tayar miki da zuciya, wanda yakan faru, ki gwada mai ɗumi, ko mai sanyi sosai, ko romo marar mai. Fitsari shi ne ma'auninki: idan ya yi ja ko ya ragu, kina baya. A zafin Gombe na Maris zuwa Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, ƙarancin ruwa yana kama mai irin aikinki cikin yini guda, kuma yana cikin manyan dalilan da ke mayar da mutane asibiti a watan farko.

Jirinki zai iya zama na ruwa. Amma tunda kina da ciwon suga, akwai abin da nake so ki bincika yau ba gobe ba. Bayan wannan tiyata suga yana sauka da wuri, tun kafin ƙiba ta ragu. Idan har yanzu kina kan adadin insulin ko ƙwayoyin da kike sha kafin aiki, musamman irin gilibenkilamaid, za su iya kayar da sugan ƙasa da kima. Ki gwada da na'urarki lokacin da jirin ya zo. Ƙasa da 70, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, ya yi ƙasa, a nan kam sai ki kurɓi ruwa mai ɗan sukari nan take. Haka maganin hawan jini, musamman mai sa fitsari. Kada ki daina da kanki, ki kai su gaban likita ya sake lissafi.

In ban da irin wannan hali, sukari ba abokinki ba ne. Abu mai zaƙi ko maiƙo yana zubowa cikin hanji da gaggawa, minti 10 zuwa 30 bayan ci sai zufa, bugun zuciya, murɗar ciki, gudawa. Wani kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku jiki ya ɗauki rawa saboda suga ya yi sama ya faɗo. Ya fi yawa ga waɗanda aka yi wa baifas, wato aka karkatar da hanji, amma masu silif ma suna gamuwa da shi. Akwai wani bawan Allah da na kula da shi wanda 'yan dubiya suka cika wa ɗaki da lemon malt da zuma don ya samu ƙarfi. Kullum bayan ya sha sai ya jiƙe da gumi ya kwanta, iyalinsa suna cewa rashin ƙarfin ne, a ƙaro masa. Ranar da aka kwashe kwalaben abin ya tsaya. Zoɓo da kunun aya da madarar ruwa mai zaƙi duk suna cikin wannan sahu.

Abubuwan da ba a jira da su

Bitamin ɗin da aka rubuta miki ba na ƙarin ƙarfi ba ne da za a sha idan an tuna, na dindindin ne. Yawanci akwai haɗaɗɗen bitamin na kullum, da kalsiyam, da bitamin D, da B12, da sinadarin ƙarfe, musamman ga mace mai ganin al'ada. A raba kalsiyam da ƙarfe da awa biyu don suna hana juna shiga jiki, kuma kada a sha ƙarfe da shayi. A wannan matakin na taunawa ko na ruwa sun fi sauƙi. Kada a daka kowace ƙwaya sai an tambayi mai magani, akwai waɗanda aka yi su don su narke a hankali. Maganin rage asid na ciki, irin omefirazol, a ci gaba da shi har wa'adin da aka ba ki. Maganin ciwon jiki irin ibufurofen da dikilofenak da firoksikam, da garin ciwon kai mai asfirin da ake saya a kemis, suna iya haddasa gyambon ciki. Farasitamol ya fi aminci. Jiƙe-jiƙe da tsimi da duk wani sassaƙe, a jingine su.

Na ce zan dawo kan B1. Ajiyarsa a jiki ba ta wuce ta mako biyu zuwa uku ba. Mai yawan amai bayan wannan tiyata yana iya ƙarar da shi, kuma rashinsa ƙwaƙwalwa yake taɓawa: ruɗewa, ganin abu biyu-biyu, tangaɗi, mutuwar ƙafafu. A gidajenmu irin waɗannan alamu sau da yawa wajen mai ruƙiyya ake fara kai su. A yi addu'a, amma a mota kan hanyar asibiti, domin idan an yi jinkiri lahanin yana iya zama na har abada. A kuma faɗa wa likita a ba da B1 kafin a ɗaura ruwa mai suga.

Sauran alamun da ke sa a tafi sashen gaggawa ko da tsakar dare: bugun zuciya sama da 120 a minti kina zaune, zazzaɓi, ciwon ciki mai ƙaruwa, ciwo a kafaɗar hagu, numfashi sama-sama, kumburi ko ciwo a ƙwauri ɗaya, amai da jini, baƙin bayan gida, ko yini guda ruwa ba ya zama. Kada a ce maleriya ce a sayo magani. Ki nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe da rahoton tiyatarki a hannu, ki faɗa tun a bakin ƙofa irin aikin da aka yi da ranar da aka yi shi, don kada a zura miki roba ta hanci zuwa tumbi ba tare da sanin likitan tiyata ba.

Bayan gida kuwa zai ragu, kwana biyu ko uku ba ki je ba ba abin tsoro ba ne tunda abin da ke shiga kaɗan ne. Ruwa, tafiya, gwanda da miyar kuka suna taimakawa.

Azumi

Yanzu kam a'a. Mai azumi yana rama ruwan yini tsakanin magariba da sahur, ke kuwa ba ki da wurin da za ki zuba shi, ga awa 13 ko 14 babu kurɓi, ga ciwon suga da maganinsa bai daidaita ba. Masana wannan fanni suna cewa a jira aƙalla wata shida, da yawansu ma shekara guda ko fiye, kuma sai likita ya duba ya amince. Ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun ba marar lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki. Yadda za ki yi idan wani Ramadan ya riske ki ba ki rama ba, wannan malami za ki tambaya, ki kai masa bayanin likita yadda yake.

Wani abu da takardun ƙasashen waje ba sa kawowa shi ne wuta. Markaɗaɗɗen kifi ko wake yana lalacewa da sauri fiye da wanda ba a markaɗa ba. Kada ya wuce awa biyu a waje, a lokacin zafi ma awa ɗaya. Idan firjinku yana samun wuta sosai, a zuba a ƙananan robobi masu murfi, kowace cin sau ɗaya, a ci cikin kwana biyu, a tafasa kafin ci. Idan wutar ba tabbas, a dafa kaɗan-kaɗan sau biyu a yini, a ɗebo naki daga tukunyar gida kafin a zuba yaji da mai. A wanke blanda nan take, har ƙarƙashin wuƙarta.

Ba kalanda kaɗai ke fitar da ke daga wannan mataki ba. Idan wa'adin da likita ya sa ya cika, kina cin rabin kofi ba ciwo ba amai, ruwa yana shiga yadda ake so, sai a matsa zuwa abinci mai taushi wanda cokali mai yatsu ke murƙushewa: kifi ba markaɗe, alala yadda take, dafaffen ƙwai, kabewa. Sabon abu guda a yini, don idan ya ƙi ki san wanne ne. Idan kuwa mako ya wuce markaɗaɗɗen ma yana tsayawa, ko abin yana ƙara wuya maimakon sauƙi, wataƙila bututun ya ƙuntata a wani wuri, hoto ko na'urar leƙa ciki ne za su nuna.

Tunda wanda ya yi miki aiki yana Alƙahira, ki samu likita da masanin abinci a nan Gombe waɗanda za su riƙe fayil ɗinki tun yanzu. Ana gwajin jini a wata na 3, na 6 da na 12, daga nan shekara-shekara: yawan jini, ƙarfe, B12, folik asid, kalsiyam, bitamin D, da gwajin suga na wata uku. Ki nemi asibitin can su turo miki cikakken rahoton aikin da jerin gwaje-gwajen da Turanci, ki buga kwafi biyu, ɗaya a fayil ɗin asibiti, ɗaya a jakarki.